Yaronka mai yanka zai dawo baya ya yi tsaro

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa nake cinye rabin lokacin atisaye a kan tsaron baya, alhali muna da yaron da yake yanke mutum uku ya zura ƙwallo, ga gasar unguwanni ta ƙarato. Har kana ganin takura shi nake yi da nake sa shi dawowa baya. To, saurara.

Lig daban, gasar kofi daban. A lig in an doke ka yau, akwai mako mai zuwa. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa kuskure ɗaya ya isa ku tattara takalmanku ku koma gida. Gwani yana da ranar da ƙafarsa ba ta tashi, yana da ranar da za a ɗaura masa mutum biyu su hana shi shan iska. Ran nan wa zai riƙe muku wasan?

Italiya ta ɗauki Kofin Duniya a 2006 da ƙwallo biyu kacal a ragarta cikin wasa bakwai, ɗaya cin gida ne, ɗaya fenaretin Zidane a wasan ƙarshe. Girka ta ci kofin Turai a 2004 ba tare da wani tauraro ba: Faransa, Cek, Fotugal, kowacce ɗaya ba ko ɗaya. Maroko a 2022, kafin ta haɗu da Faransa a wasan kusa da na ƙarshe, ƙwallon da ta shiga ragarta ɗaya ce, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida a karawa da Kanada. Na san za ka kawo mini Messi. Koma ka sake kallon wasannin Ajantina, ka bar kallonsa, ka bi ɗan tsakiyarsu De Paul da ido ka ga gudun da yake yi a madadinsa. Mu nan ba mu da Messin da za a yi wa wannan hidima.

Kuma abin da nake kira tsaro ba aikin 'yan baya huɗu ba ne kaɗai. Daga lamba tara, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo, yake farawa. A gasar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa farkon 2024, Osimhen ƙwallo ɗaya ya ci, amma bai bar 'yan bayan kowace ƙasa sun fito da ƙwallo cikin natsuwa ba. Najeriya ta yi wasa huɗu a jere ba a ci ta ba, ta kai wasan ƙarshe, kuma ɗan baya, Troost-Ekong, shi aka ba gwarzon gasar. In Osimhen zai yi wannan wahala, yaronka wane ne? A 2013 ma da marigayi Keshi ya ɗauko kofin, ɗaya ba ko ɗaya aka tashi da Burkina Faso, ɗan garin nan namu na Kaduna, Efe Ambrose, yana tsaron gefen dama.

Ga abin da za ka riƙa dubawa in kana tsaye a bakin layi. Tazarar da ke tsakanin 'yan baya kada ta wuce taku goma zuwa sha biyu. Ƙwallo ta tafi dama, na dama ya fita ya tare, sauran ukun su zamo su karkace a bayansa, na hagu ya shigo ciki ya bar wancan gefen, don can ba haɗari tukuna. Wanda ya fita kada ya yi saurin kai ƙafa. Ya rusuna, ya ba da gefen jikinsa, ya tura mai ƙwallo wajen layi, ya ɓata masa lokaci har lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsaro, ya iso. Yaranmu suna son sulun ƙasa don 'yan kallo su yi ihu, amma wanda ya kwanta ya fita daga wasa, mun ragu da mutum ɗaya. A fili mai tauri irin na Murtala Square kuma, lokacin hunturu, kada ɗan baya ya bar dogon bugu ya dira ƙasa, ya sa kai tun tana sama, don in ta yi tsalle ba ka san inda za ta nufa ba.

Sai baki. Golan da ba ya magana ba na sa shi a gasa ko da yana kama ƙuda, domin shi kaɗai yake ganin filin gaba ɗaya.

Yaronka ban ce ya daina yanka ba. Ya yi a kusa da ragarsu, inda in an ƙwace ba mu mutu ba. Amma da zarar ta kuɓuce masa, shi ne mutum na farko da zai bi ta, ba ya tsaya yana ɗaga hannu ga alƙalin wasa ba. Gobe da yamma kai za ka ja atisayen: 'yan gaba shida a kan 'yan baya huɗu da gola, sannan bugun kwana, kowa ya san mutumin da yake riƙewa tun kafin a buga. Ka sa yaronka cikin masu tsaron a zagayen farko.