Tambaya da Amsa: Dasashin mahaifiyata na jini, haƙoranta na girgiɗi. Tsufa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekarunta 67, tana da ciwon suga da hawan jini. Kusan wata shida ke nan da ta goge baki sai jini, shi ya sa ta ajiye buroshi, kurkurewa kawai take yi. Yanzu haƙoranta biyu na ƙasa suna girgiɗi, bakinta kuma na yawan bushewa. 'Yan'uwa sun ce tsufa ne, a kai ta wurin wani mai cire haƙori a gida ya fizge su a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Mama lafiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada a kai ta wurin mutumin nan.

Wannan magana ta "ai tsufa ne" ta ishe ni, don kusan kullum sai na ji ta a asibiti. Tsufa na kawo furfura, yana rage gani, amma shi kaɗai ba ya cire haƙori. Abin da kika bayyana alamun ciwon dasashi ne da ya yi nisa. Dauɗar nan mai laushi da ke maƙalewa a inda haƙori ya haɗu da dasashi cike take da ƙwayoyin cuta. In an bar ta sai ta daskare ta zama tsatsa mai tauri wadda buroshi ba ya kankarewa. Dasashi ya kumbura ya fara jini, sannan ya saki haƙorin, ƙashin da ke riƙe da saiwa kuma ya yi ta zaizayewa a hankali. Muguntar ciwon ita ce ba ya zafi. Mutum na cin abincinsa lafiya lau shekara da shekaru, sai ranar da haƙori ya motsa, a ce tsufa.

Ajiye buroshi saboda jini kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Dauɗa ce ta jawo jinin, kurkurewa ba ta fitar da ita, ga shi an ba ta wata shida tana taruwa. Na sha duba bakin dattijo in tarar bayan haƙoransa na gaba na ƙasa tsatsa ta haɗe su sun zama kamar katanga guda. A wanke masa, ya kai harshe ya ji ƙofofi, ya fita yana cewa likita ya ɓara masa haƙora. Ƙofofin nan sun daɗe a wurin, tsatsa ce ta toshe su. Daga irin wannan ne jita-jitar cewa wankin haƙori na sa girgiɗi ta samo asali, kuma ta hana mutane da dama zuwa da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya. Da tsufa ne ke yi, ina sauran suka tsaya? Japan tun 1989 ta fara gangamin da ta kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20 na kansa.

Shi kuwa mai fizgewa a gida, me ya sani game da Mama? Ba zai auna suga ba, alhali in suga ya hau ramin da aka cire haƙori ba ya warkewa da wuri, ya kan ruɓe. Ba zai tambaya ko tana shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko warfarin ba. Kayan aikin da ba a tsabtace yadda ya kamata ba kuma hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta. Bayan haka, a cire biyu a bar ciwon, sauran ma layi suke bi. Suga da ciwon dasashi kuma juna suke zugawa: kowanne na ƙara dagula ɗan'uwansa.

Bushewar baki, mai yiwuwa daga magunguna ne, musamman masu sa fitsari. Magungunan hawan jini irin su amlodipine da nifedipine kuma kan sa dasashin wasu ya yi kauri. Kada ta daina ko ɗaya da kanta, likitanta ne zai duba. Ta riƙa kurɓar ruwa akai-akai, ban da tsotsar alawa, don in miyau ya yi ƙaranci saiwar da dasashi ya janye ya bari a fili saurin ruɓewa take yi.

Daga daren yau ta koma goge baki sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi da man da ke ɗauke da fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), a hankali a kan gaɓar dasashin ko da jini ya fito. Ta tofar da kumfar, kada ta kurkure nan take. Cikin makon nan ki kai ta wurin likitan haƙori da duk kwalayen magungunanta da sakamakon gwajin suga na ƙarshe, a ɗauki hoto a ga ƙashin da ya rage. Wanda ya zaizaye da wuya ya dawo, amma in da saura akan wanke, wani lokaci a ɗaure masu girgiɗin da na kusa da su. In kuma akwai gyambo a bakin da ya haura mako uku bai warke ba, ki fara faɗa masa wannan kafin komai.