Tambaya da Amsa: Yadda Littattafan Likitancin Girkawa Suka Shiga Ingilishi

Tambaya: Malam, na ji an ce Turawan Ingila sun fassara littattafan Galen da Hippocrates tun ƙarni na 16. Daga Girkanci suka ɗauko kai tsaye?

Amsa: Ba kasafai ba. Waɗannan biyun, manyan likitocin Girkawa na dā, su ne malaman Larabci ke kira Jalinus da Buƙraɗ, kuma a birnin Venis aka fara buga tarin ayyukansu da Girkanci, na Galen a 1525, na Hippocrates a 1526. Wanda ya fi kowa iya Girkanci cikin likitocin Ingila a lokacin shi ne Thomas Linacre, wanda ya kafa Kwalejin Likitoci ta Landan a 1518. Amma shi zuwa Latin ya fassara: littafin Galen na kiyaye lafiya a 1517, na hanyar warkarwa a 1519. Likitan jami'a da Latin yake karatu, bai matsu da Ingilishi ba.

Masu bukatar Ingilishi su ne masu fiɗa da wanzamai, waɗanda a hannun maigida suka koyi sana'a. Saboda su Robert Copland ya fitar da littafin fiɗa a 1542 ɗauke da kashi na huɗu na hanyar warkarwar Galen, kuma daga Faransanci ya ɗauko shi. Ka ga ke nan magana ta bi hannu uku kafin ta iso: daga Girkanci zuwa Latin, zuwa Faransanci, sannan Ingilishi. Peter Lowe ya haɗa littafin Hippocrates na hasashen makomar mara lafiya a cikin nasa littafin fiɗa a 1597. Guntu-guntu dai aka riƙa tsinta, abin da zai yi amfani wurin ɗaure rauni da gyambo.

Likitoci ba su ji daɗi ba. Thomas Elyot, wanda ba likita ba ne, ya rubuta littafin kiwon lafiya da Ingilishi bisa koyarwar Galen, ya kuma mayar wa masu sukarsa da martani cewa Girkawa da Girkanci suka rubuta, Rumawa da Latin, Ibn Sina da Larabci, kowa da harshen uwarsa. Rigimar ba ta kwanta ba har zamanin Nicholas Culpeper, wanda ya fassara kundin magungunan Kwalejin a 1649, sannan wani littafin Galen a 1652.

Tambaya: In mutum ya samu hoton irin wannan littafi a intanet, zai iya haɗa magani da shi?

Amsa: Kul. Abin da ya fi haɗari shi ne awo. Masu haɗa magani na Ingila a wancan zamani suna lissafi haka: nauyin ƙwayar hatsi 20 shi ne sikurful ɗaya, sikurful 3 diram ɗaya, diram 8 oza ɗaya, oza 12 laba ɗaya. Diram ɗinsu ya kusa giram 3.9, na zamanin Galen kuwa wajen giram 3.4 ne, amma mai fassara yakan kwafe sunan awon ya bar shi haka. Sannan alamar diram da ta oza sun yi kama ƙwarai, dukansu kamar lamba 3, ta oza tana da ƙarin lanƙwasa ɗaya a sama. Mai jera haruffa ya ɗauki wannan a maimakon waccan, magani ya ninka sau takwas. In ruwan zuma ne da sauƙi. In ƙaron fure mai sa barci ne ko saiwar da ke sa amai da gudawa, sai dai a yi ta'aziyya.

Sai batun tsirrai. Dioscorides, likitan Girkawa na dā da ya rubuta littafin magunguna, ya bayyana tsirran yankin Bahar Rum, wasunsu ba sa fitowa a Ingila sam, sai a laƙaba sunan ga wani ganye na kusa mai kama da shi. William Turner ya sha fama da wannan a littafinsa na tsirrai da ya fara fitowa a 1551. John Goodyer ya fassara Dioscorides gaba ɗaya tsakanin 1652 da 1655, aikin ya zauna a rubutun hannu, ba a buga shi ba sai 1934.

Tambaya: Rubutun kansa yana gagara ta. Ta ina zan fara?

Amsa: Ka saba da doguwar "s" mai kama da "f", ka kuma sani "u" da "v" suna musayar wuri, haka "i" da "j". Karanta shafin farko da gabatarwa tukuna, domin a nan mai fassara yakan faɗi harshen da ya ɗauko da mutanen da ya yi wa aikin. Bayan haka ka ajiye fassarar zamani ta wannan babin a gefe, ka bi su layi-layi. Inda tsohuwar ta fi tsawo, sau da yawa sharhin mai fassara ne ya cusa ba tare da ya sa alama ba.