Amsa: Ƙuruciyar Martin Luther King da karatunsa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, ɗan talakawa ne da ya tashi ba karatu. A'a, gidansu akwai rufin asiri. An haife shi ranar 15 ga Janairu, 1929 a Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka. Mahaifinsa limamin cocin Ebenezer ne, mahaifiyarsa kuma ta taɓa koyarwa.

Amma rufin asirin bai kare shi daga wariyar launin fata ba. Yana ɗan shekara shida, mahaifin wani abokinsa farar fata ya hana su wasa tare. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na 1944: yana dawowa daga gasar iya magana tare da malamarsa, direban bas ya tashe su don farare su zauna. Haka suka yi doguwar tafiyar a tsaye, yaron yana cike da fushi.

A shekarar ce ya shiga kwalejin Morehouse yana ɗan shekara 15, ya gama a 1948. Shugaban kwalejin, Benjamin Mays, ya yi masa tasiri ƙwarai. Daga nan sai makarantar addini ta Crozer, sannan digirin digirgir a Jami'ar Boston a 1955.