Gudun Harsashin Tsohuwar Libarba: Na Kwali da Na Awo

Tambaya: Ni tsohon soja ne mazaunin Tahoua. Na ji ana cewa gudun da kamfanoni suke rubutawa a kan kwalin harsashin libarba na da ya zarce wanda ake samu idan an auna. Shin ƙarya suka riƙa shara wa masu saye?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba za mu kira shi ƙarya tsagwaronta ba, domin sun auna, amma ba da irin bindigar da mai saye yake riƙewa ba. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna gwaji da dogon bututu rufaffe wanda ba ya yoyon iska, alhali kusan kowace libarba tana da 'yar kafa tsakanin gangar da ke juyawa da bututun, wadda faɗinta bai wuce kusan milimita 0.15 ba. Ta wannan kafa wani kaso na ƙarfin albarushi yake tserewa, kuma duk wanda ya ga an harba libarba da dare ya ga wutar da ke tartsatsi ta gefe. Gajeren bututu kuma yana ƙara rage gudun.

Harsashin .38 Special mai nauyin giram 10, wanda ya fito a 1898, an daɗe ana tallarsa da gudun mita 260 a sakan. Da ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta koma gwaji da bututu mai inci 4 mai kafa a shekarun 1970, sai adadin ya sauko zuwa 230. Na .357 Magnum ya fi ban mamaki: a 1935 an ce yana gudun kusan mita 460, daga baya aka rubuta 376, kodayake a nan har da sauyin yadda ake cika shi. A ganina kamfanonin sun cancanci zargi, tunda sun san bambancin, kuma na'urar awon gudu ta Le Boulengé ɗan Beljiyam tana nan tun 1864.

Akwai kuma tsufa. Zafin Tahoua na watan Afrilu da Mayu yana lalata albarushi a hankali, har gudun ya riƙa bambanta daga harsashi zuwa harsashi, wani ma ya maƙale a cikin bututu, na bayansa ya fasa bindigar a hannun mai harbi. Idan kana da irin waɗannan a ajiye, musamman masu koren tsatsa a jikin kwanso, kada ka gwada su. Ka miƙa su ga jandarmomi.