Tukunyar Hausawan Yamai: amsa ga mai tambaya daga Kano

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Hausawan da ke zaune a Yamai sun bar tuwo sun koma shinkafa da dogon burodi irin na Faransa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ƙin gero muka yi ba. Wahalar aikinsa ce ta ture shi daga tukunyar rana.

Tiya ɗaya ta gero, wajen kilo 2 da rabi, kafin ta zama tuwo sai an surfa, an sheƙe dusa, an wanke, an baza ya sha iska, a kai inji, a tankaɗe, sannan a zo talge da tuƙi. Matar da ke gidan haya a Bukoki ko Talladje, ba filin daka, iskar gas ko gawayi take saye, ga yara za su dawo daga makaranta da azahar, dole ta ɗora shinkafar da za ta nuna cikin rabin awa. Shi ya sa yawancin gidaje rana shinkafa ko taliya, dare tuwo, tuwon ma sau da yawa na masara. Fura ce kawai ba ta gusa ba. Shinkafar kuwa, wadda ake nomawa a bakin kogin Kwara, kamar Saga da Kirkissoye, ba ta isar gari. Mafi yawa daga ƙasashen Asiya take, kuma kafin 2023 ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a Benin, take shigowa. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowane magidanci ya ji a aljihunsa.

Inda na fi son ka duba shi ne ganye, domin nan ne zama da Zabarmawa ya ƙara mana. Kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto, abincin kowa ne a garin nan, balle da azumi, lokacin da buhun ganyen ke tsada. Ana tsige ganyen daga sanduna, a dafa har ɗacin ya fita, a tsane, a matse shi sosai da hannu. Matsewar nan ita ce aikin: in ruwa ya saura, da zafin Yamai kwaɗon safe ba zai kai la'asar ba sai ya yi tsami. Sannan a haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko ƙuli, albasa, tumatir, barkono, gishiri da ɗan mai. Masu gaggawa kan jefa kanwa don ya yi saurin laushi. In ta yi yawa ganyen ya dame, ya yi baƙi, ɗanɗanon ya tafi. Dambu kuma tsakin shinkafa ne ko na masara ko gero, a yayyafa masa ruwa kaɗan, a turara sau biyu, a na biyun ne ake zuba zogalen. In ruwa ya yi yawa sai ya dunƙule, in ba a naɗe bakin madambaci da tsumma ba tururi ya zurare, tsakin ya fito da gari-gari.

Zogale ya tsira ne don ya samu kasuwa, har ƙauyuka irin Sarando sun mai da shi sana'a. Waɗanda ba su samu ba su ne abin damuwata: yaɗiya, tafasa, gasaya, jiga, furen aduwa. Da damina mata daga ƙauye kan kawo su, amma matasan da aka haifa a birni da yawa ba su iya bambance su ba. Dunƙulen Maggi kuma ya rage wa daddawar batso daraja a miyar lalo da ta kuka.

Anza ta fi duka shan wulaƙanci. Itaciya ce da ke yin 'ya'ya ko a shekarar da gero ya ƙi, mutanen Adar da Damagaram sun san ta sarai, amma an laƙaba mata sunan abincin yunwa, har wasu na jin kunyar a gan ta a kwanonsu. Wannan kuskure ne babba, domin abinci ce mai riƙe ciki. Ana shanya ƙwayar, a ɓare, a jiƙa kwanaki ana sauya ruwa kullum, ana ɗanɗanawa, har ɗacin ya fita tas. Wanda ya gajarta jiƙon ya ci da sauran ɗaci, zai iya cutuwa, don haka ba a koyonta da ka, sai a hannun wadda ta iya. In ta jiƙu yadda ya kamata, ana dafa ta kamar wake, a ci da mai da yaji, ko a busar a niƙa a gauraya da garin gero.