Amsa ga ɗan'uwanmu mai neman hardis na ajiye risalarsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ƙanena, na ga tambayarka tun bayan la'asar, cewa laftof ɗinka ta cika, ga rubutun risalar majistir, wato kundin digiri na biyu, ya kankama, ga darussan Haramin Madina da kake naɗa, kana neman hardis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa da kwamfuta, kuma ka ga wani a intanet an rubuta irin da ake kira SSD ne mai tera 2 (giga 2000 ke nan) a kan riyal 80, ko ka saya. Don girman Allah kar ka saya. Ina karantawa gabana ya faɗi, domin irinsa ne ya cinye mini aikin da har gobe ban gama farfaɗowa daga rashinsa ba.

Ni ba a intanet ma na saya ba, a shago ne, hannu da hannu. Laftof ɗina ce ta fara nauyi lokacin ina babi na uku, na kai ta wurin wani mai gyara da 'yan'uwa suka yi mini kwatance. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi unguwar ba, na bar shi da Allah. Ya duba ya ce sai an sake mata Windows, amma kafin nan a kwashe abin da ke ciki. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan hardis baƙi mai sheƙi, da sunan babban kamfani a jikin kwalinsa, ya ce don ni ɗalibin ilimi ne zai bar mini shi yadda ya saro. Shi ya kwashe fayilolin da hannunsa, ya juyo mini fuskar kwamfutar ya ce in duba. Na duba, ga sunayen nan reras: Risala, Masadir, Durus, Gida. Ya ce to bismilla, ya goge laftof ɗin tas. Har shayi ya ba ni ina jira, muna hira a kan karatu, yana cewa in sa shi a addu'a a Rauda.

Da daddare a ɗaki na jona shi don in mayar da kayana. Babi na ɗaya ya buɗe. Na biyu ya ƙi, Word ya ce fayil ɗin ya lalace. Na uku haka. Na shiga wurin sautuka, sunan kowane darasi na nan, girmansa na nan a rubuce, in na danna sai shiru. Hotunan makhɗuɗan, wato tsofaffin littattafan rubutun hannu, da na sha wahalar ɗauka shafi-shafi, wasu toka-toka, wasu rabi hoto rabi baƙi. Na cire na sake jonawa, na tashi abokin ɗakina muka gwada a tasa, duk abu guda. Wallahi zufa ce ta riƙa keto mini alhali na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Amma duk wannan bai karya ni ba sai da na buɗe wanda na sa wa suna Gida. A nan na tara saƙonnin muryar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, waɗanda ƙanwata ke naɗo mini ta WhatsApp tun zuwana ƙasar nan, tana sa mini albarka, tana tambayar ko ina cin abinci, wani lokaci ana jin kukan awaki a bayanta. Wayar da suke ciki ta riga ta mutu, a laftof kaɗai suka rage. Babu ko ɗaya da ya buɗe. Na zauna a ƙasa ban san lokacin da aka kira asuba ba.

Da na koma wurinsa, abin da ya fi ciwo shi ne yadda ya karɓe ni. Ko kallon hardis ɗin bai yi ba, ya ce ai ƙwayar cuta ce na sa masa. Na ce daga hannunka sai ɗakina. Ya ce to ina fatura, wato rasit? Shi da bai ba ni ba! Ya ɗaga murya a gaban mutane yana cewa 'yan Afirka ba mu iya riƙe kaya ba. Mutumin da jiya yake neman addu'ata. Kuɗin ba su dame ni ba, da ya ce mini kawai shi ma yaudararsa aka yi, da na ji sanyi. Mushrif ɗina, malamin da ke duba risalata, Allah Ya saka masa da alheri, ya nemo mini tsohon kwafin babi na biyu a imel ɗinsa, na uku kuwa daga ƙwaƙwalwa da tarkacen takardu na sake gina shi, kuma ni na san bai kai na farko ba. Muryar Inna kuwa ta tafi ke nan.

Daga baya wani ɗan'uwa ɗan Nijar da ya san harkar ya ɓalle murfin abin a gabana. Ciki ba komai sai ɗan ƙaramin memori irin na waya da aka manna da gam, da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Ya yi mini bayani cewa ana sauya lissafin da ke cikinsa ne, ya riƙa gaya wa kwamfuta tera 2 gare shi alhali bai wuce giga 32 ko 64 ba. Kana zuba kaya yana karɓa, in ainihin wurin ya cika sai sauran su bi iska ko su hau kan na baya, sunayen kuma suna nan lafiya lau saboda jerin suna daban yake da abin da ke cikin fayil. Shi ya sa ba ka ganewa sai ranar da ka zo nema. Araha ba ta ado, ƙanena. SSD na gaske mai tera 2 kuɗinsa ɗaruruwan riyal ne, je ka shagon Jarir ko eXtra ka ga farashi da idonka, duk wanda ka ga ya faɗo ƙasa warwas to ka san da walakin.

Game da wanne za ka ɗauka, iri biyu ne. Akwai na faifai, wanda ake kira HDD, cikinsa faifai ne ke juyawa, yawanci sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansa kamar allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa faifan. In ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, hannun ya daki faifan, shi ke nan. Amma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma gudunsa na wajen mega 100 zuwa 130 a daƙiƙa ya ishe mai ajiye littattafai da sautuka. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera irin wannan, Seagate da Western Digital da Toshiba, duk wani suna da ka gani a kwali to na ɗayansu ne a ciki. SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi jure jijjiga da faɗuwa, irin su Samsung T7 suna kai wajen mega 1000 a daƙiƙa. Ni a ganina, ga ɗalibi mai rayuwa da mukafa'a, wato alawus ɗin karatu, gara ka sayi na faifai guda biyu masu tera ɗai-ɗai da ka zuba kuɗinka duka a SSD guda. In kuma kullum zai kasance cikin jaka tsakanin kulliya da laburare da Harami, to SSD ya fi dacewa da wannan yawon. Sai dai shi kar ka jefa shi akwati shekara da shekaru ba ka jona ba, musamman a wuri mai zafi, domin caji ne ke riƙe bayanan, a hankali yana iya zurarewa. Ka kuma ɗauki ƙaramin da ke shan wuta daga kebul ɗin laftof, ba babban da ke da tasa wayar wutar ba, ka san halin wutar gida in mun koma.

In ka saya ka jona ka ga mai tera 1 ya nuna giga 931, kar ka tayar da hankalinka, ba cuta ba ce. Masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows da 1024. Abin da za ka yi kafin ka zuba ko fayil ɗaya shi ne ka sauko da manhajar gwaji H2testw, kyauta ne, zai cika hardis ɗin kaf sannan ya karanta ya gaya maka ko girman gaskiya ne. Zai ɗauki awanni, bar shi ya kwana yana yi. Da wani ya gaya mini wannan sunan a wancan lokacin... to, haka Allah Ya ƙaddara. Na hannu kuwa, irin na shafin saye da sayarwa na Haraj, ni ba na ba da shawara, in ya zama dole ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, zai nuna maka awannin da ya yi yana aiki da ko ya fara ciwo. A shafukan Noon da Amazon ma ka lura da wane ne mai sayarwa, domin ba duk kayan da ke shafin ne nasu ba.

Fatura! Kar ka fito shago ba ita, ka ɗauki hotonta nan take domin rubutunta gogewa yake. Kayan lantarki a Saudiyya damaninsu, wato garanti, shekara 2 ne, kuma in an cuce ka akwai layin 1900 na Ma'aikatar Kasuwanci da manhajar Balagh Tijari. Yawancinmu tsoron shiga irin wannan muke saboda mu baƙi ne, alhali haƙƙinka ne. Amma ka sani damani hardis yake canja maka, ba ya dawo da harafi ɗaya na abin da ke ciki.

Akwai wata magana a tambayarka da ta fi damuna, inda ka ce laftof ta cika kana son ka kwashe kaya ka samu wuri. In ka kwashe ka goge na laftof, to kwafi ɗaya gare ka har yanzu, wurin zama kawai ya canja, kuma ya koma cikin abin da ya fi saurin faɗuwa da ɓata. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ba komai ne ke buƙatar haka ba. Manhajar littattafai ta Shamila da littattafan PDF in sun tafi za ka sake samu ko wurin maƙwabcinka. Abin da ka rubuta da hannunka, da abin da ka naɗa, da hotunan iyali, su ne ba su da na biyu a duniya. Risala duk girmanta ba ta cika wani wuri ba, Google Drive na ba da giga 15 kyauta, ka riƙa jefa ta can duk daren Juma'a, ka sa kwanan wata a sunan fayil, kar sabo ya hau kan tsoho. Ka yi da imel ɗinka na kanka, na jami'a ana iya rufewa bayan ka gama. Hardis na biyu kuma ka ba wani amini a wani gini ya riƙe maka, ko ka tafi da shi gida lokacin hutu. A jakar hannu za ka sa shi, na'urar binciken filin jirgi ba ta yi masa komai, jifan akwatuna ne ke kashe shi.

Kuma in ka gama kwafi ka buɗe wasu fayilolin, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka ji sautin da kunnenka. Kar ka yarda da suna. Kar ka bar wani mai gyara, komai tsawon gemunsa, ya goge maka kwamfuta ba ka yi wannan ba.

Zafin Madina ma abin tsoro ne, kar ka bar shi cikin mota da rana ko kusa da taga. Ka riƙa sallamarsa daga Windows kafin ka zare kebul, kuma in ka gama ajiya ka cire shi, domin akwai ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, duk abin da ta tarar a jone tana haɗawa da shi. Batun aro kuwa, na san halinmu da kunya, wani zai zo ya ce ba ni in kwashi darussan Shaihu wane. Ka ce ya kawo filas ɗinsa ka zuba masa. Haka shagunan buga takardu, da filas za ka je, hardis ɗinka kar ya taka can. In kana da kwamfutar Mac ko za ka riƙa haɗawa da ita, ka yi masa fomat da tsarin exFAT tun yana sabo, Mac tana karanta tsarin Windows na NTFS amma ba ta rubutu a kai, tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Hoton fasfo da iƙama, wato katin izinin zama, da takardun shaida in za ka ajiye, ka kulle su da BitLocker ko VeraCrypt, ka rubuta kalmar sirrin a takarda ka adana, in ka manta ta ba mai buɗe maka.

Ranar da ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ko Windows ta ce a yi masa fomat, kar ka danna, kar ka yi ta jonawa kana cirewa, kar ka saurari masu cewa a sa shi a firji. Ka fara canja kebul, sau da yawa shi ne matsalar. In bai yi ba ka ajiye shi ka zo ka tambaya kafin ka miƙa wa kowa.

Sannan wannan ba ka tambaya ba amma zan faɗa. In iyayenka na raye, saƙonnin muryarsu da ke wayarka ka kwashe su yau, ka sa su wuri uku kafin ma risalar. Ka kuma roƙe su su naɗa maka tarihin gidanku da bakinsu. Duk wanda ya karanta wannan ina roƙonsa ya yi wa mahaifiyata addu'a.

In ka shirya saye ka yi mini magana ta gefe, bayan la'asar ina da sarari in ban da ranar Talata. Sai mu je tare, in muka dawo mu sa masa gwajin a laftof ɗina kafin ka zuba komai. Allah Ya sa albarka a karatun, Ya kai mu ranar munaƙasharka, ranar kare risala, lafiya.