Ka faɗa ko ka haɗiye

Ɗana, tambayarka ta jiya ta tsaya min a rai, wai a aikin nan namu na jakadanci in ka ga ba daidai ba sai ka faɗa ne ko ka haɗiye. To bari in ba ka labarin Margot Wallström 'yar Suwidin, don ita ta ɗanɗani abin da bakinta ya jawo mata.

Matar nan ko digiri ba ta da shi, a banki ta fara aiki, ta shiga majalisa a 1979 tana 'yar shekara 25, ta yi sama da shekara goma tana kwamishina a Tarayyar Turai, a 2010 kuma Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya ba ta wakilci kan fyaɗen da ake yi wa mata a wuraren yaƙi, har Kwango ta je ta zauna da matan ta saurare su. A 2014 ta zama ministar harkokin waje, ba a rufa wata guda ba Suwidin ta amince da ƙasar Falasɗinu, Isra'ila ta kira jakadanta gida.

Sai 2015 ta soki Saudiyya a fili kan bulalar da aka yanke wa wani marubuci, nan fa aka hana ta jawabi a taron ƙasashen Larabawa a Alƙahira, Riyad ta janye jakadanta, sai da Suwidin ta aika manzo da wasiƙar sarkinta kafin ƙura ta lafa. Ni a ganina tana da gaskiyarta, amma ta faɗe ta a bainar jama'a da kalma mai kaifi, babba kuwa ba ya son a gyara masa hula a tsakiyar kasuwa.

Amma dubi Disambar 2018, ita ce ta sauki gwamnatin Yemen da 'yan Huti a Rimbo, wani gari a Suwidin, don sulhu, mako guda cur ana cin abinci a gida ɗaya, har shugabannin tawagogin suka gaisa da hannu a gaban Guterres, wanda ya gaji Ban Ki-moon, aka samu tsagaita wuta a birnin Hudaida na Yemen. A wannan makon masauki ta bayar ta bar su su yi maganarsu, wallahi wannan ya fi burge ni.

Saboda haka ka faɗa, amma ka fara faɗa a ɗaki. Gobe in Allah ya kai mu ka kawo min wasiƙar nan da ka rubuta, kalmar da ka sa a layi na biyu ta yi zafi, sai mun sauya ta kafin ta kai teburin mai girma jakada.